Furen Japan Dasa Shi Aka Yi: Darasi Ga Anloga Da Sauran Unguwannin Zongo

A kowace shekara, da zarar watan Maris ya raba tsakiya, ma'aikatan hukumar kula da yanayi ta Japan sukan riƙa zuwa gindin wani itacen ceri guda ɗaya a harabar wurin ibadar Yasukuni da ke Tokiyo, su ɗaga kai suna ƙidayar furanni. Ranar da biyar ko shida suka buɗe, sai a yi shela cewa furen sakura ya fito a babban birnin ƙasar. Bayan kamar mako guda, idan kashi 80 cikin ɗari sun buɗe, sai a ce ya cika, kafin wani makon ya ƙare kuma iska da ruwa sun kakkaɓe shi. Saboda waɗannan 'yan kwanaki ne mutane ke tasowa daga sassan duniya, hotunan kuma suna faɗowa cikin wayoyin samarinmu a majalisun ataya na Anloga da Aboabo da Asawase. Japan ba baƙuwa ba ce a Kumasi, don motocinta ne a kan titunanmu, kayan gyaransu ne kuma jibge a shagunan Suame Magazine. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗan kasuwar da ya saba da Dubai da Gwanzu ya fara tunanin kai iyalinsa su ga wannan fure da idonsu. Ra'ayina shi ne duk wanda Allah ya hore wa ya je, amma ya san abin da zai gani. Furen nan aikin hannu ne na mutanen da suka dasa, suka yi ban ruwa, suka tsare, tsara bayan tsara. A duk faɗin Kumasi kuwa babu unguwar da wannan darasi ya fi cancanta da ita kamar Anloga, wadda ta yi suna da yanka katako.

Mai shirin tafiyar ya fara sanin cewa itace ba ya bin ranar da aka rubuta a tikiti. Bisa matsakaicin lissafin shekarun baya, furen yana fara buɗewa a Tokiyo ranar 24 ga Maris, ya cika a ƙarshen watan. To amma a 2023 ya fito tun 14 ga Maris, a 2024 kuma sanyi ya riƙe shi har 29 ga wata. Tazarar kwana 15 ke nan tsakanin shekara biyu a jere, ta fi tsawon rayuwar furen da kansa. Wanda ya sayi tikiti a 2024 yana dogaro da abin da ya faru a 2023, rassa tsirara ya tarar. Abin da ke ceton matafiyi shi ne tsawon ƙasar daga kudu zuwa arewa. A tsibirin Okinawa wani nau'in ceri yana fure tun Janairu, Tokiyo da Kiyoto da Osaka suna samun nasu a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, Hirosaki sai ƙarshen Afrilu, Sapporo kuwa har ya kan taɓa farkon Mayu. Mai hankali zai ware kwanaki isassu, ya kama masaukin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, ya riƙa bin hasashen da kamfanonin yanayi na Japan ke fitarwa tun daga watan Janairu, ya kuma shirya hawa jirgin ƙasa ya bi furen arewa idan ya makara.

Sauran lissafin ma ba ƙarami ba ne. Babu jirgin da ke tashi daga Akra ya sauka Tokiyo kai tsaye, sai an ya da zango a Adis Ababa ko Dubai ko Doha ko Istanbul, kuma agogon Japan yana gaban na Ghana da awa 9. Mai fasfon Ghana sai ya nemi biza a ofishin jakadancin Japan da ke Akra, tare da tsarin tafiyarsa da shaidar abin da zai kashe. Makonnin furen suna cikin lokutan da masauki ya fi tsada, a ƙasar da baƙi kusan miliyan 37 suka shiga a 2024. Katin jirgin ƙasa na mako guda da ake sayar wa baƙi ya koma yen 50,000 a Oktoban 2023. Musulmi kuma yana da nasa ƙarin tanadi, domin naman alade da giyar shinkafa suna shiga abinci da yawa ba tare da an gani ba. Akwai gidajen abincin halal a manyan birane, akwai babban masallacin Tokiyo da Turkawa suka sake ginawa a 2000, da masallacin Kobe da ke tsaye tun 1935, amma a ƙananan garuruwa sai mutum ya yi guzurinsa. Idan aka haɗa duka aka mayar da shi sidi, za a ga cewa a cikin mazauna Anloga 'yan ƙalilan ne za su iya. Shi ya sa tambayar da ta fi amfani ga jama'a ita ce: mene ne a wannan tafiya da zai iya dawowa gida ya amfani wanda ba zai taɓa hawa jirgi ba?

Amsar tana cikin tarihin furen. Littattafan fadar Japan sun nuna cewa Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a Kiyoto a shekarar 812, kuma an daɗe abin yana hannun 'yan sarauta da mawaƙan fada. Wanda ya fito da shi ga talakawa shi ne Tokugawa Yoshimune, mai riƙe da mulkin soja a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau. Ya sa an daddasa ceri a bakin kogin Sumida, a 1720 kuma aka fara dasawa a tudun Asukayama, domin mutanen gari masu zama a cunkushe su samu wurin shan iska. Nau'in da ya mamaye ƙasar a yau, mai suna Somei Yoshino, masu lambu ne na ƙauyen Somei suka fito da shi kasuwa a tsakiyar ƙarni na 19. Ba a shuka shi da iri. Aure ake yi masa, irin yadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro, a yanko reshe a ɗaura a jikin wani. Ke nan miliyoyin itatuwan nan duk jinin itace ɗaya ne, shi ya sa idan zafi ya kai gwargwado suke buɗewa a tare, gari ya yi fari fat. Duk itacen da baƙo ya tsaya a gindinsa yana ɗaukar hoto, akwai wanda ya yanko reshensa da wuƙa, akwai wanda ya haƙa masa rami, akwai kuma hukumar da ta sa kuɗinsa a kasafi.

Dasawa ma ita ce mafi sauƙi. An san Somei Yoshino da saurin tsufa, har ana cewa idan ba a kula da shi ba yakan fara lalacewa bayan shekara 60. Amma a lambun Hirosaki, inda akwai itatuwa wajen 2,600, akwai wanda aka dasa a 1882 yana fure har yanzu. Sirrin shi ne yankin na manoman tuffa ne, sai ma'aikatan lambun suka ari dabarar rage rassa daga gonakin tuffa, suna yanke tsoho don sabo ya toho, suna gyara ƙasar gindi suna sa taki. Kogin Meguro na Tokiyo, wanda hotunansa suka fi yawo, rafi ne na cikin gari da aka ɗaure gefensa da siminti, ya kuma taɓa yin ƙaurin suna wajen ƙazanta. Itatuwa wajen 800 da aka jera a bakinsa ne suka mayar da shi abin zuwa gani. Birnin Washinton na Amurka ma ya ɗanɗana wannan. Itatuwa 2,000 da Tokiyo ta aika kyauta, da suka isa a 1910 ƙone su aka yi saboda ƙwari da cuta. Magajin garin Tokiyo, Yukio Ozaki, ya sake aika 3,020 a 1912 bayan an rene su da tsananin kulawa, su ne tushen bikin da ake yi a can duk shekara. A ko'ina aka duba, abin da ke bayan furen ɗaya ne: wani ne aka ɗora wa alhakin itacen, ya kuma riƙe amanar shekaru masu yawa.

Kumasi ba ta buƙatar a koya mata darajar itace daga waje. Labarin kafuwarta da Asantawa ke bayarwa ya ce a zamanin Osei Tutu, ƙarshen ƙarni na 17, Okomfo Anokye ya dasa itacen kum a wuri fiye da ɗaya, inda ya rayu nan aka kafa babban birni. Ba a yi la'akari da yawan ramukan da aka haƙa ba, wanda ya rayu aka duba. Mu ma 'yan Zongo itace ne ya kawo kakanninmu. Goro fatake suka biyo daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, Turawa kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai da yawa suka gangaro kudu suka kafa zango. A 1945 Maxwell Fry da Jane Drew suka zana wa garin tsari mai filayen shaƙatawa da barin kore a bakin rafuka, birnin ya yi suna da garin lambu na Afirka ta Yamma. Yau wanda ya taso daga Anloga Junction ya nufi Kejetia da tsakar rana zai gaya maka abin da ya rage na wannan suna. An gine bakin rafuka, an sare itatuwan gefen titi don faɗaɗa hanya da kafa kwantena, filin wasan yara na Amakom ya shafe shekaru a yashe. Amma daga Anloga zuwa harabar jami'ar KNUST tafiya ce kaɗan, da ka shiga kuwa sai ka ji iska ta sauya. Ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya ne. Bambancin shi ne a jami'a akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, wanda ya sari itace kuma sai ya amsa tambaya.

Ita Anloga bashi ne a wuyanta. Unguwar ta samo suna daga Ewe da suka zo daga yankin Volta, kafintocinsu suka mayar da ita babbar kasuwar katako, Hausawa da sauran 'yan arewa suka shiga sana'ar, wasu dillalai, wasu masu dako, wasu masu injin yanka. Odum da wawa da sapele da ofram sun bi ta hannunmu sun zama ƙofofi da gadaje da rufin gidaje a Ghana da Burkina Faso da Nijar. Da aka zo gina hanyar Oforikrom zuwa Asokwa aka mayar da mafi yawan masu sana'ar Sokoban, amma har gobe ana jin ƙarar zarto a lungunan unguwar. A tsawon wannan zamani dajin da ke ba da katakon ya yi ta ja da baya. Ƙiyasin da masana suka saba kawowa shi ne Ghana tana da kimanin hekta miliyan 8 na babban daji a farkon ƙarni na 20, kafin ƙarnin ya ƙare ya koma ƙasa da miliyan 2. Ba kafinta ne kaɗai ya jawo ba. Akwai gonakin koko, akwai fitar da gungume ƙasashen waje, yanzu ga galamse, ga kuma dokar 1962 da ta mallaka wa shugaban ƙasa duk itacen katako da ya tsiro da kansa, abin da ya sa manomi ke ganin gara ya kashe shi tun yana ƙarami da a zo a kayar masa a kan kokonsa. Duk da haka, wanda ya ci abinci daga itace shekaru da yawa shi ya fi kamata ya fara mayarwa. Gyaran da aka yi wa dokar katako a 2002 kuma ya nuna cewa itacen da mutum ya dasa da hannunsa nasa ne.

Wani zai ce tafiya Japan don kallon fure almubazzaranci ne, kuɗin ya fi dacewa da Umra ko kuɗin makarantar marayu, kuma kallon furen al'ada ce ta masu wani addini, har giya ake sha a gindin itatuwan. Akwai gaskiya a ciki. Wanda bai sauke farali ba, ko yana da bashi a kansa, ko maƙwabcinsa na kwana da yunwa yana sane, ba shi da hujjar sayen wannan tikiti. Gaskiya ne kuma ana shan giya a wuraren, kamar yadda ake sha a bakin teku a Akra, Musulmi ya san inda zai zauna da inda zai kauce. Amma wanda ya sauke nauyin da ke kansa, babu abin da ya hana shi tafiya da halalinsa. Alƙur'ani ya yi ta kira ga mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su lura, ya kuma sha kafa hujja da yadda ƙasa ke rayuwa bayan ta mutu. Hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Matsalar ita ce a je a dawo da hotuna kawai. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, wanda ya kashe dubban sidi ya dawo bai ƙaru da komai ba kuwa ya tabbatar da zargin masu cewa ɓarna ce.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: fure ba ya cika ciki, unguwar da ke fama da rashin aiki da toshewar kwata da ambaliya ba ta da lokacin ƙawa. To amma a duba wanda rashin itace ya fi cutarwa. Mai hali yana Nhyiaeso ko Ahodwo a inuwar manyan itatuwa, yana da na'urar sanyaya ɗaki, yana da janareta idan an ɗauke wuta. Mai ɗaki ɗaya na kwano a Anloga ne ke kwana a waje a watan Fabrairu da Maris don zafi. Mai sayar da waake da mai koko da mai wankin takalmi su ne ke neman inuwa su kasa samu. Rafukan Aboabo da Sisa da suka ratsa wannan ɓangare na gari suna cin gefensu duk damina, saiwar itace kuma tana riƙe ƙasa. Ba na cewa itace zai hana ambaliya alhali ana zuba bola da leda da garin katako a rafi, amma bakin rafin da aka dasa, aka kuma san mai kula da shi, ya fi wuyar mayarwa juji. Kuma ba dole ba ne duk abin da za a dasa ya zama na fure kawai. A haɗa da mangwaro da lemo da fiya da kwakwa da zogale. Sannan tunanin cewa kyan gani na masu kuɗi ne, shi kansa abin ƙi ne. Yoshimune saboda talakawan Edo ya dasa nasa, yaron makarantar allo a Anloga ma yana da haƙƙin ya tashi a unguwar da ke da abin kallo.

Akwai masu cewa Japan ƙasa ce mai arziki, ba daidai ba ne a gwada ta da mu. Har za su ƙara da cewa ta tsare dajinta ne ta hanyar sayen gungumen Filifin da Indonesiya da Malesiya bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan gaskiya ne, bai kamata a ɓoye ba, haka ma cunkoson baƙi da tarin shara da ake bari a lambunan Tokiyo a makon furen. Amma ba lokacin wadata aka fara dashen ba. A ƙarni na 17 Japan ta sare dazuzzukanta don gina fadoji da birane har ambaliya ta addabe ta, sai hukuma ta fitar da doka a 1666 ta hana tumɓuke saiwoyi, ta umarci a dasa itatuwa a bakin koguna. Yawancin cerin da ke titunan biranen yanzu bayan 1945 aka dasa su, lokacin da ƙasar ke fitowa daga tokar yaƙi. Yau kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a kwaso sakura a kawo Kumasi, don itacen sai ya sha sanyin hunturu mai tsanani kafin ya yi fure yadda ya kamata. Ba ma buƙatarsa. Muna da gurjiya mai jan fure a lokacin hazo, da marga mai zubo da ruwan ɗorawa a ƙarshen rani, da minjirya da aduruku waɗanda reshe kawai ake karyawa a kafa su kama. Akwai kuma filamboyan, ɗan asalin Madagaska, da ke yin ja jawur dab da faɗuwar damina. Birnin Piritoriya na Afirka ta Kudu ya yi suna da dubban itatuwan jakaranda masu shuɗin fure a watan Oktoba, waɗanda aka fara dasawa a 1888, sai dai daga baya hukuma ta taƙaita dasa sababbi don baƙon itace ne mai mamaye na gida. Wannan ya isa dalilin fifita namu.

Sauran ƙorafin na zahiri ne. Ina filin yake a unguwar da gida ke manne da gida? Wa zai hana awaki da tumakin layya cinye dashen? Saiwa ba za ta fasa kwata ba, rassa ba za su taɓa wayar wuta ba? Kowace tambaya tana da amsa idan an zauna. Akwai harabar masallatai da makarantu, akwai filin idi da maƙabarta, akwai tashoshin mota da bakin rafi. Rimi da filamboyan a kai su inda akwai sarari, don na farko ƙato ne, na biyu kuma saiwarsa a sama take yawo. Lungu ya samu aduruku da marga. Maganin akuya keji ne, babu kuma unguwar da ta fi Anloga da Sokoban gutsattsarin katakon da za a yi shi. Cibiyar binciken daji ta ƙasa tana nan Fumesua, ga jami'a a maƙwabtaka, za su faɗi abin da ya dace da kowace ƙasa. Wasu kuma za su ce ai gwamnati tana dasawa: ranar 11 ga Yunin 2021 an yi ranar dashen itatuwa ta ƙasa da burin miliyan 5, a 2022 aka ɗaga burin zuwa miliyan 20. Niyyar mai kyau ce. Amma dashen da manya za su zo su yi a gaban kyamara su tafi, kamar a yi taron suna ne a watse a bar jariri babu mai shayarwa. Itace a cikin gari yana buƙatar ban ruwa a ranin farko da na biyu, da kariya har ya fi ƙarfin bakin dabba. Alƙaluman da ya kamata jama'a su nema su ne na waɗanda suka rayu bayan shekara uku, unguwa-unguwa.

Abin da nake ba da shawara ƙarami ne, da gangan. Kada a yi maganar miliyoyi. Sarakunan Zongo da limamai da shugabannin Ewe na Anloga da ƙungiyoyin kafintoci su zauna da majalisar Oforikrom, a zaɓi titi ɗaya ko gefen rafi ɗaya, a dasa itace nau'i ɗaya a jere don ya yi fure lokaci guda, tunda jeruwar ce ke sa abin ya cika ido. A rubuta sunan mai kula da kowane itace: wannan na masallaci kaza ne, wancan na ajin makaranta kaza, na gaba na majalisar ataya kaza. Kafintoci su ba da keji, mata masu sana'a a bakin titin su samu inuwa, su kuma zama masu sa ido. Asusun raya unguwannin Zongo da aka kafa da doka a 2017, da majalisar ƙaramar hukuma, su ɗauki nauyin ɗan alawus na mai ban ruwa da rani, wanda shi ne kuɗin da ba a taɓa sa wa a lissafi ba. A kuma sa tara mai zafi ga wanda ya sare, ko ɗan wane ne. Lokacin ma ya dace, domin makonnin da furen Tokiyo ke buɗewa su ne makonnin da damina ke kankama a Kumasi, dashen da aka yi a Afrilu yana da watanni na ruwa kafin rani. Mutanen Kiyoto sun rubuta ranar cikar furensu fiye da shekara dubu, shi ya sa da ya cika ranar 26 ga Maris a 2021, masana suka iya cewa ba a taɓa ganin ya yi wuri haka ba a rubuce, suka danganta shi da ɗumamar yanayi da zafin birni. Malaman makarantunmu ma za su iya sa ɗalibai su riƙa rubuta ranar da marga ta fara fure da ranar ruwan farko, ba sai an kashe ko pesewa ba.

Dangantakar Ghana da Japan ta daɗe. Likita Hideyo Noguchi a Akra ya rasu a 1928 yana binciken cutar shawara, cibiyar bincike mai sunansa tana Legon tun 1979, hukumar haɗin gwiwar Japan ta taimaka wajen zana tsarin raya Kumasi da kewaye a 2013, kokon Ghana ne kuma ke cikin yawancin cakulan da Japanawa ke sha. Mun karɓi motoci da gadoji da tallafi. Abin da ba mu ɗauko ba shi ne ɗabi'ar dasa abin da sai bayan shekara goma za a ga amfaninsa, da ɗora alhakinsa a kan wani sananne. Saboda haka Alhaji ko Hajiya mai shirin tafiya, Allah ya kai lafiya. Idan an je, a duba gindin itacen kamar yadda ake duban samansa, a ga yadda aka tokare tsohon reshe, yadda aka killace saiwa, a tambayi wanda ke biyan mai kula. Kafin a biya kuɗin tikiti kuma, a cire na itace ashirin da kejinsu da ban ruwansu na shekara biyu, a miƙa wa masallacin unguwa ko makarantar da 'ya'yanmu ke karatu. Sauranmu da ba mu da halin zuwa, mu je wurin ɗan majalisar unguwa da liman da sarkin Zongo mu nemi a tsayar da titi da rana kafin ruwan Afrilu ya sauka.